Yadda Aka Daina Share Garin Taurari

Dalilin da ya sa tsakanin tauraro da tauraro ba fili ne wayam ba, wani siririn hayaƙi ne kwance a wurin, shi zan ba ku yau. Ku da kuke kallo daga ƙasa baƙi kawai kuke gani, sai ku ɗauka babu komai. Akwai. Masu nazarin sama suna ce masa iskar gas, sun ce ta game duk taron taurarin nan da muke cikinsa, wani wuri shara-shara, wani wuri ta taru ta yi kauri har ta tare haske. In kun taɓa lura da farin zirin nan da yake ratsa sama lokacin da babu wata, akwai wasu baƙaƙen tabo a jikinsa kamar an yafa masa tsumma. Hayaƙin ke nan. Masana suna da nasu bayanin. Nawa a bakin kakata na ji shi, kuma yadda ta ba ni haka zan ba ku.

A can da, taurari gari guda ne, kowa da gidansa. Gidan tauraro kuwa ba wani abu ba ne illa murhu ɗaya da wutar da take ci a kai. Tauraro ba ya barin murhunsa. Inda ya sami kansa nan zai zauna har ƙarshensa, domin wutar nan ita ce ransa. Saboda haka ba su san ziyara ba, da haske suke magana. Wannan ya ƙyafta daga nan, wancan ya amsa daga can, a gaisa, a tambayi gajiya, a yi gulma, a ɓata a shirya, duk kowa yana zaune inda yake. Mai kaifin ido yakan yi hira da wanda yake ɗaya ƙarshen gari.

Irin wannan zama sai da fili tas. Ita kuwa wuta ba ta ci sai da hayaƙi. Garin yana da sanyin da ba a misaltawa, in hayaƙi ya tashi daga murhu ya ɗan yi nisa sai sanyi ya kama shi, ya kwanta a hanya kamar saɓin auduga. In aka bar shi zai tare gani. Don haka akwai masu shara.

Masu shara mutane ne irinmu, da hannu da ƙafa, ba su da wuta tasu. Tun kaka da kakanni akwai yarjejeniya tsakaninsu da taurari: su su share gari, taurari su bar su su ji ɗumi a gefen murhu, su ɗora 'yar tukunyarsu. Wanda aka hana murhu ba ya daɗewa, yatsunsa za su fara ƙagewa, sannan sauran jiki. Kowane mai shara da unguwarsa, da tsintsiyarsa, da babban masakinsa. Ya bi gida gida ya tattara hayaƙi ya danna a masaki, ya ɗauka a ka, ya kai wani rami da yake bayan gari ya juye. Ramin nan ba wanda ya san zurfinsa. Abin da ya faɗa ciki ba ya dawowa, ko haske ne. Can babu dare babu rana, da zagayen shara ake ƙirga lokaci. In mai shara ya gama unguwarsa ya dawo inda ya faro, an yi zagaye ɗaya.

Taurari suna daɗewa, amma suna mutuwa. In tauraro ya tsufa sai ya kumbura ya yi ja, daga nan wata rana ya baje, jikinsa duka ya koma hayaƙi da toka. Masu shara su taru su kwashe shi su kai rami, su share wurin. Ba sa haihuwa kuma. Babu wanda ya taɓa ganin ɗan tauraro, babu wanda ya tuna yadda shi kansa ya zo. Gari yana ta raguwa, kangaye suna ƙaruwa. Kowa ya sani, amma ba a zancen.

A cikin masu shara akwai wata mata, Tasalla, gajera ce mai ƙarancin magana, ta fara manyanta. Unguwarta ita ce ta gefen gari, mafi nisa daga rami. A zamanin uwarta gida saba'in ne a unguwar, da ta gaji tsintsiya sun koma arba'in da biyu. Gida na ƙarshe na wani tsohon tauraro ne da ake kira Baba Jatau. Ya riga ya kumbura ya yi jawur, wutarsa ta yi faɗi ta yi laushi, ba ta ƙuna. A nan Tasalla take sauke masakinta ta huta a ƙarshen kowane zagaye.

Baba Jatau mai surutu ne, kuma ya rasa abokan hira. Maƙwabtansa duk sun tafi, saura ɗaya, wata farar tauraruwa mai suna Barira. Ita kuwa ba ta da lokacinsa. Tana da yaya, Marka, can nesa a wata unguwa, hanyar haskensu ta bi ta gefen gidan Baba Jatau ta wuce. Kullum fuskar Barira tana wajen yayarta, ba su da aiki sai hira. Saboda haka duk labarin da tsoho ya tara, Tasalla yake juye wa. Yakan lissafa mata waɗanda suka zauna a kangayen nan, wannan mai rowar ɗumi ne, wancan mai barkwanci, wannan sun yi zagaye dubu ba sa magana a kan abin da ya manta. Ita dai tana gyara tsintsiya tana cewa to.

Wata rana ya tambaye ta yadda ramin nan yake. Ta faɗa masa gaskiya, ta ce baki ne kawai da duhu, kana juye masaki ba ka jin saukar komai. Da ta tashi za ta tafi sai ya ce, "'Yar nan, ina da roƙo. In lokacina ya yi, kada ki kai ni can."

Ta ce masa doka ce, ba ita ta kafa ba, kuma in aka gane murhu za a hana ta. Ya ce ya sani. Ya ce shi ba tsoro yake ji ba, tun da ya san kansa a nan yake zaune, ba ya son tafiyarsa ta fari ta zama zuwa wurin da ba a dawowa. Ta tara shi a bayan murhu ta rufe, wa zai leƙa gefen gari? Ta ɗauki masakinta ta tafi. Zagaye na gaba ya sake roƙo, na gaba ma haka. A na huɗu ba ta jira ya gama ba, ta ce, "To, Baba." Bai ƙara tayar da zancen ba.

Ba a daɗe ba ta iso ƙarshen zagaye ta tarar murhu ya mutu, hayaƙi ya cika wurin, ja-ja, yana kwanciya a hankali. 'Yan'uwanta masu shara suka zo taya ta kamar yadda aka saba. Ta ce su koma, tsohon nan kamar uba yake a wurinta, tana son ta yi masa wannan ita kaɗai. Suka yi mata gaisuwa suka tafi.

A bayan mataccen murhun akwai wani kwari da ba ya kan hanyar hasken kowa. Nan ta share shi kaf ta tara. Ya yi yawa, ta hau kai ta tattake, ta danna, har ya zauna. Sannan ta riƙa ɗaukar masaki wayam tana zuwa rami tana dawowa, don taurarin hanya su ga ana aiki. Ba wanda ya tambaya.

Da a nan ta tsaya, da wataƙila maganar ta mutu. Amma daga gefen gari zuwa rami tafiya ce mai nisa, gwiwoyinta kuma sun fara ciwo. Wani zagaye ta iso kangon Baba Jatau da masaki cike da sharar unguwa, ta tsaya ta dubi jujin, ta juye a kai. Kakata ta ce ita ba ta sani ba ko gwiwa ce ta sa ko kuwa tausayi, don tsoho ne da ba ya son zaman kaɗaici. Ko ma mene ne, abin ya zama mata jiki. Hayaƙin gida arba'in da ɗaya ya riƙa sauka a wuri guda, zagaye bayan zagaye. Juji ya cika kwari, ya yi tozo, gefensa ya fara malala. Wani siririn harshe ya miƙe ya ratsa hanyar da take tsakanin Barira da yayarta.

Da fari Barira ta ga kamar hasken Marka ya ɗan dushe. Ta ce ko idonta ne. Bayan wasu zagaye sai ta ga ya fara ja. A garin nan kuwa ja ma'anarsa ɗaya ce. Ba ta faɗa wa yayarta ba. Ta ci gaba da hira kamar kullum, tana ƙara tambayar lafiya, Marka tana cewa lafiya lau, ita ma tana mayar da tambayar fiye da da. Wutar Barira ta fara rawa don damuwa.

Rannan Tasalla ta zo shara, Barira ta tsayar da ita. Ba ta saba yi mata magana ba sai dai ta ce ga wuri can ba ki share ba. Wannan karon ta roƙe ta, ta ce ta ajiye tsintsiya ta taka har unguwar Yaya Marka ta dubo mata ita da ido, ta dawo ta faɗa mata gaskiya ko saura zagaye nawa. Ta ce in ta yi mata haka, murhunta nata ne har abada.

Tasalla ta dubi inda Barira take kallo, ta ga harshen hayaƙin, ta gane. Tana iya cewa to, ta bi ta bayan fage ta share harshen, magana ta wuce. Ta tsaya riƙe da tsintsiya, ta ga yadda wutar matar nan take rawa. Sai ta durƙusa ta ce, "Uwar ɗakina, Yaya Marka lafiyarta ƙalau. Ba ita ta yi ja ba. Hayaƙi ne ya shiga tsakaninku, kuma ni na tara shi." Ta ba ta labari tun daga roƙon Baba Jatau, ba ta rage komai ba, har da na gwiwa.

Barira ta saurara har ƙarshe. Ba ta yi faɗa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Zagaye talatin ina yi wa yayata kuka tana raye." Ta juya ta ƙyafta wa gida na gaba, na gaba ya miƙa, magana ta bi gida gida har tsakiyar gari, wurin Magajiya, wadda ita ce babbar taurari mai yanke hukunci.

Hukunci ya dawo ta hanyar da ƙara ta bi. Tasalla ta kwashe jujin nan kaf ta kai rami cikin zagaye uku, ita kaɗai. Kafin ta gama, kada murhun da ya ba ta ɗumi. In zagaye uku suka cika da saura, za a turo duk masu shara su kwashe, ita kuwa an hana ta murhu ke nan har abada.

Ta tafi gefen gari. Ta fara ɗiba daga sama, inda sharar unguwa take, tana jan lokaci kafin ta kai ga tsoho. Ta ɗauka, ta yi tafiyar nan mai nisa, ta juye, ta dawo. Duk gidan da ta wuce sai mai gidan ya kau da fuska. Kafin zagaye na fari ya ƙare yatsun ƙafarta sun daina ji. A na biyu tsintsiya ta fara suɓuce mata. Juji kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Ta lissafa ta ga ko zagaye goma aka ba ta ba za ta gama ba. Ta zauna ta jingina da jujin, ta rufe ido, ba ta sa ran tashi ba.

Ta farka ta ji bayanta da ɗumi. Ta ɗauka irin ɗumin ƙarya ne da yake zuwa wa wanda sanyi ya kusa kashewa. Ta motsa yatsu, suka motsa. Ta juya ta dafa jujin, ta ji daga cikinsa abin yake fitowa. Kun ga yadda iyayenku suke tona jujin taki in za a kai gona, sama sanyi, amma ana sara ciki sai tururi ya tashi? To kamar haka. Ta tura hannu har gwiwar hannu, ɗumi ya ƙaru. Ta tura har kafaɗa, sai wani abu ya ƙone ta. Ta fizge hannu, tafin ya sale.

Da hannun hagu ta riƙa yaye hayaƙin a hankali, tana shiga. Can tsakiya, inda ta tattake tun farko, inda nauyin duk abin da ta tara ya danne, ta ga wata 'yar wuta. Ba ta fi ƙwan zabo ba. Babu murhu a ƙarƙashinta, babu wanda ya hura ta, tana ci ita kaɗai, tana ƙyafta-ƙyafta babu kan gado. Sanyin waje ya bi ramin da Tasalla ta yi ya taɓa ta, nan take ta fara dushewa. Tasalla ta yi maza ta mayar da hayaƙi ta rufe.

Ta zauna tana riƙe da ƙonannen hannu. Ba ta san sunan abin da ta gani ba, amma ta san in aka kwashe jujin zai mutu. Zagaye na uku kuma ya yi rabi. Ita ba ta da haske, ba ta iya aika magana. Gida ɗaya ne kawai yake ganin wannan kwari, kuma ta bakinsa kaɗai magana za ta isa gari.

Ta je ƙofar Barira ta tsaya nesa da murhu, yadda doka ta ce. Ta ce ba ɗumi ta zo nema ba, ba kuma afuwa ba, so take ta dubi jujin sau ɗaya. Barira ta ce ta gan shi, ya ishe ta gani. Tasalla ta ce duk da haka. Ta koma ta huda 'yar taga a gefen da yake fuskantar gidan Barira, daidai yadda haske zai fita sanyi bai shiga da yawa ba, ta tare sauran da jikinta.

Barira ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ƙyafta gaisuwa, irin wadda ake yi wa baƙo. 'Yar wutar ta yi wani ƙyafce-ƙyafce da ba magana ba ne, ta tsaya, ta sake.

Barira ta ce, "Jatau ne?"

Tasalla ta ce, "Ba shi ba ne. Jatau ja ne, kuma ya iya magana. Wannan ban san ko wane ne ba."

Da Barira ta yi shiru, da zagaye ya cika, masu shara sun zo sun kwashe, hanyarta da yayarta ta koma tas. Ba wanda zai san ta ga wani abu, maganar mai shara kuwa da aka hana murhu ba mai saurara. Ta san haka. Ta dubi jan ɗigon nan da yake yayarta, ta dubi tagar. Ta ce wa Tasalla ta rufe shi kada ya sha sanyi, ta zo ta gasa hannunta. Sannan ta juya ta aika wa gari abin da ta gani, yadda ta gan shi.

Gari ya ruɗe. Wasu suka ce ƙarya ce, wasu suka ce garwashin tsoho ne bai gama mutuwa ba. Da masu shara suka je suka gani suka tabbatar, sai rigima ta koma kan ɗan wa ne. Duk gidajen unguwar suka ce nasu ne, tunda hayaƙinsu aka zuba. Wani ya ce shi ya fi kowa hayaƙi, wata ta ce farin da ke jikin yaron irin nata ne. Magajiya ta aika a zo mata da Tasalla.

Tasalla ta taka har tsakiyar gari, hannu naɗe da tsumma, ta durƙusa. Magajiya ta tambaye ta ko za ta iya rarrabe hayaƙin wane da na wane a cikin jujin. Ta ce ranki ya daɗe, ba mai iyawa, ya riga ya cakuɗe. Magajiya ta ce to ɗan na gari ne, a bar wannan. Ta tambaye ta masaki nawa ta zuba kafin wutar ta kama. Tasalla ta ce ba ta ƙirga ba, amma ba su kai na zamanin ƙuruciyarta da ta kai rami ba, ko kusa.

Magajiya ta ce, "Uwarki fa, nawa ta kai rami? Da kakarki?"

Tasalla ta ce, "Ranki ya daɗe, kullum suna kaiwa. Ba su taɓa fashi ba."

Nan Magajiya ta gane yawan 'ya'yan da gari ya juye a rami, ta tsaya cak. Gidajen da suke kusa, da suke miƙa maganar ga na nesa, su ma suka tsaya. Aka daɗe ba wanda ya ƙyafta a garin.

Da aka dawo magana, wani ya kawo shawara a keɓe kwari guda a riƙa tarawa, sauran gari a ci gaba da sharewa. Aka tambayi masu shara. Suka ce hayaƙi ba ya zama inda aka ajiye shi, ga shaida a ƙofar Barira. Kwari ɗaya ya cika da sharar unguwa ɗaya, ina za a kai ta gari duka? Wuri biyu ne kawai, ko rami ko cikin gari. In cikin gari ne, sannu a hankali zai shiga ko'ina. Na kusa za su ci gaba da ganin juna, na nesa za su yi ja, sannan su ɓace.

Magajiya ta ce wannan ba hukuncin da za ta yanke ita kaɗai ba ne, don ita duk nata suna kusa da ita. Ta ce ƙarar Barira ce, kuma ita ce ta fari da za ta yi rashi. In ta tsaya a kan ƙararta, doka tana nan, za a kwashe juji. In ta janye, an rufe rami.

Barira ta ce a ba ta dama ta yi magana da yayarta tukuna. Tasalla ta koma gefen gari, ta kama tsintsiya da hagu, ta share harshen hayaƙin nan da ya ratsa hanya, ta mayar da shi jikin juji. Hanya ta buɗe. Marka ta bayyana fara sol kamar yadda take tun asali.

Marka ce ta fara magana. Ta ce ita ma zagaye talatin tana ganin ƙanwarta ta yi ja, tana haɗiye kuka, ta kasa faɗa. Suka yi dariya a kan haka, dariyar da ba ta yi tsawo ba. Suka yi hira mai yawa, ta da da ta yanzu, gari duka yana jira, ba wanda ya katse su. Daga ƙarshe Barira ta tambaye ta abin da za ta ce wa Magajiya. Marka ta tambayi ko yaron yana da kyau. Barira ta ce ƙanƙane ne, bai iya komai ba, ko gaisuwa.

Marka ta ce, "To wa zai koya masa in ba ke ba? Na gan ki fara tas, na san lafiyarki lau. Ya ishe ni. In kin ga na yi ja nan gaba, ki ce hayaƙi ne."

Barira ta aika ta ce ta janye.

Aka ɗora dutse a bakin rami. Masu shara suka tsorata, suka ce in babu shara da me za su ci murhu? Magajiya ta ce murhu nasu ne kamar da, aiki ne ya sake. Su riƙa duba inda hayaƙi ya taru ya yi nauyi, su tsare shi kada a taɓa, kuma tunda su ne masu ƙafa, su riƙa kai gaisuwa tsakanin waɗanda suka daina ganin juna.

Abin ya tafi yadda masu shara suka faɗa. Hayaƙi ya bazu a hankali. Marka ta sake yin ja a idon ƙanwarta, ta koma kamar garwashi a toka, wata rana Barira ta duba ba ta ga komai ba. Yaron kuwa ya girma, wutarsa ta yi ƙarfi ta kore sauran jujin daga jikinsa, ya fito fili. Barira ta koya masa gaisuwa. Bayansa wasu biyu suka kama a wannan kwarin, sannan aka fara jin labarin wasu a unguwanni.

Hannun Tasalla na dama bai ƙara buɗewa sosai ba. Ita ta riƙa kai saƙo tsakanin Barira da Marka. Hanya ce mai tsawo ga mai ciwon gwiwa, sau biyu kawai ta je ta dawo da amsa. A na uku ta dawo ta zauna a gefen murhu, ta daɗe tana gasa ƙafa. Barira ba ta matsa mata ba. Da ta huta ta ce ta tarar Yaya Marka ta riga ta baje, an bar ta a inda take, ba wanda ya sa mata tsintsiya.

Barira ta tambaya ta ina hayaƙin ya nufa. Tasalla ta ce ya watsu ko'ina, amma da yawansa ya biyo ta wannan gefen, ta wuce shi a hanya, yana tafe a hankali.

Barira ta ce, "To. A bar shi ya iso."

Shi ya sa har yau ba a share sama. Duk abin da taurari suka hura suna raye, da abin da suka bari in sun mutu, yana nan kwance a tsakaninsu. Mafi yawansa siriri ne, ko kun shiga cikinsa ba za ku san kun shiga ba. Amma tauraron da yake bayansa yakan yi ja ko da fari ne, wanda ya yi nisa sosai kuwa ba a ganinsa sam. Inda ya taru ya yi baƙi ƙirin a jikin farin zirin nan, kada ku ce wurin babu kowa. A nan ake haihuwa.